Wa Ya Fi Kusa da Jaririn?

Karatu: Luka 2:1-20 da Markus 12:41-44

 Kaka ta yi, an kai amfanin gona gida, ekklesiyoyi da yawa suna shirin godiyar kaka, waɗansu kuwa suna tara kuɗin kwanon rufi ko na kujeru, Kirsimati kuma ta matso. A irin wannan lokaci ne a kan kira sunayen mutane a gaban jama'a, a ce wane ya ba da kaza, wance ta ba da kaza. Na sha ganin fuskar wani ta yi haske da jin sunansa, na kuma sha ganin wata tsohuwa ta sunkuyar da kai domin abin da ta kawo bai isa a ambata ba. Saboda wannan ina so in ba ku labarin wani zane da wani attajiri ya sa aka yi domin a kafa bisa bagadi a ƙasar Italiya, yau fiye da shekara 500. Na fara ganin hotonsa cikin wani littafi sa'anda ina makarantar Littafi Mai Tsarki, tun daga ran nan kuwa bai bar ni na huta ba.

Zanen da kansa

A zamanin nan, a ƙasashen Turai, in mai arziki yana so ya yi wa ɗakin sujada kyauta, ya kan ɗauki gwanin zane ya yi masa babban allo na katako, a zana labarin Littafi Mai Tsarki a kai, a kafa shi bayan bagadi inda dukan masu sujada za su gani. Yawancin mutane ba su iya karatu ba, saboda haka zanen ya kan zama musu kamar littafi. Shi mai kyautar kuma a kan zana shi a wani gefe yana durƙushe, tare da iyalinsa.

Allon da mu ke magana a kansa ana kiransa da sunan Portinari. Kashi uku ne: babban allo a tsakiya, da ƙanana biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, masu buɗuwa da rufuwa kamar ƙyamaren ƙofa. Tsawonsa ya ɗara ƙafa 8, faɗinsa kuwa in an buɗe shi duka ya kai wajen ƙafa 19. Wani gwani mai suna Hugo van der Goes, mutumin birnin Gent a ƙasar da a ke kira Beljiyam yanzu, shi ya zana shi wajen shekara ta 1475. Da aka gama, aka sa shi cikin jirgin ruwa har zuwa Pisa, aka bi kogin Arno da shi zuwa birnin Filorens. Ya iso a watan Mayu na shekara ta 1483. Sai da 'yan dako 16 suka taru kafin suka iya kai shi ɗakin sujada na asibitin Santa Maria Nuova. Yanzu yana gidan ajiyar zane-zane na Uffizi a birnin.

A allon tsakiya an zana haihuwar Ubangijinmu. Luka ya gaya mana an kwantar da shi cikin sakarkari, amma mai zanen ya saukar da shi ƙasa sarai: ga jariri tsirara bisa ƙasa, ba ko tabarma, haske yana fita daga jikinsa. Maryamu tana durƙushe a gabansa. Yusufu yana gefe, ya haɗa hannuwa, ga takalminsa na katako guda a tuɓe, domin a tuna mana da Musa a gaban kurmi mai cin wuta. Ga sa da jaki, ga mala'iku kewaye. Daga baya akwai wani tsohon gini da alamar garaya bisa ƙofarsa, watau gidan Dawuda. Daga gaba an ajiye damin alkama, gama ma'anar Baitalahmi ita ce gidan gurasa, allon kuma yana tsaye daidai inda a ke kakkarya gurasa. Kusa da damin akwai furanni cikin 'yar tukunya irin wadda masu ba da magani su kan zuba magani a ciki, abin da ya dace da ɗakin sujada na asibiti.

Yanzu bari mu duba mutanen da ke kewaye da jaririn, mu tambayi kanmu: in an ɗebe Maryamu da Yusufu da mala'iku, wa ya fi kusa da shi?

Na ɗaya: Attajirin

Sunansa Tommaso Portinari, ɗan babban gida ne a Filorens. Wani kakansa mai suna Folco Portinari shi ya kafa asibitin nan a shekara ta 1288, asibitin kuwa yana aiki har wa yau. Tommaso ya tafi birnin Buruj, babbar kasuwar arewacin Turai, tun yana yaro, ya yi aiki a bankin gidan Medici, waɗanda su ke manyan masu kuɗi na zamanin. A shekara ta 1465 ya zama shugaban reshen bankin a can. Ya shiga fada, ya zama mai ba da shawara ga Sharl, mai mulkin Burgandi, wanda a ke yi wa laƙabi da Mai Ƙarfin Hali.

A allon hagu za ka gan shi durƙushe cikin baƙar riga, 'ya'yansa maza biyu, Antonio da Pigello, suna bayansa. A allon dama ga matarsa Maria da sarƙar zinariya a wuyanta, ga 'yarsu Margherita. Dukansu sun haɗa hannuwa suna addu'a. Amma ka lura da abu guda: wanda ya biya kuɗin katako da fenti da ladan mai zane, ba ya cikin allon tsakiya. Yana gefe, katakon firam ya raba shi da jaririn, an kuma rage masa jiki. Kuɗinsa ya kawo shi bakin ƙofa, nan ya tsaya.

Me ya faru da shi daga baya? Tun farko masu bankin sun gargaɗe shi a rubuce ya yi hankali da ba sarakuna bashi. Daga baya suka sassauta, suka sa masa iyaka, shi kuwa ya wuce iyakar, gama zaman fada ya yi masa daɗi. A watan Janairu na 1477 aka kashe Sharl a bakin daga kusa da garin Nansi. Wanda ya ba sarki bashi, sarkin kuma ya mutu, ina zai kai ƙara? Reshen bankin ya durƙushe, gidan Medici suka raba gari da shi. Sa'anda allon ya iso Filorens a 1483, darajar mai shi ta riga ta zube. Ya ƙara shekaru yana aikin jakadanci yana fama da bashi, daga bisani ya koma garinsu. A shekara ta 1501 ya mutu, dukiya ta ƙare, a cikin asibitin nan da kakansa ya gina, inda surarsa ta ke durƙushe bisa bagadi. Gaskiyar Hausawa da suka ce duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya.

Kada mu yi saurin yanke masa shari'a. Mutumin ya ba da kyauta mai kyau, ya kuma yarda a zana shi durƙushe, ƙarami, a gefe. Mu fa? Da yawa a cikinmu, in mun sayi buhun siminti biyar, sai mu so kujerar gaba, mu so a ji muryarmu fiye da ta kowa a taron dattawa, in ba a yi yadda mu ke so ba mu ce za mu janye hannunmu. Yaƙub ya tsauta wa ekklesiyar da ta kan ba mai zoben zinariya wuri mai kyau, ta bar matalauci a tsaye. Bitrus kuma ya tsauta wa Siman na Samariya da zafi sa'anda ya miƙo kuɗi domin ya sayi baiwar Allah. Ɗan'uwa, ba da baikonka da murna, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, aikin Ubangiji yana bukatarsa. Amma ka sani baikon nan godiya ce ta wanda an riga an karɓe shi. Ba a sayen wurin zama kusa da Yesu da shi.

Na biyu: Tsarkakan

Bayan iyalin akwai waɗansu manyan mutane a tsaye, sun fi su girma nesa. Bayan Tommaso ga manzo Toma, mai sunansa, riƙe da mashi, domin bisa ga labarin da aka gāda da mashi aka kashe shi. Kusa da shi ga Antoni da ƙararrawa a hannu, mai sunan babban ɗan. Shi Antoni ɗan Afirka ne, mutumin Masar, wanda ya rabar da dukiyarsa ya shiga hamada domin addu'a, ya mutu a shekara ta 356. A wancan gefe ga Maryamu Magdaliya da tulun mai, ga kuma Margareta tana taka kan wani dodo.

Me ya kawo su? Mu Hausawa ba mu bukatar dogon bayani a nan. Talaka ba ya shiga wurin sarki kai tsaye. Sai ya nemi wani bafade ya yi kamun ƙafa da shi, bafaden ya shige gaba ya ce, ranka ya daɗe, ga wane, nawa ne. Haka mutanen zamanin nan suka ɗauki tsarkaka. Suna ganin Allah ya yi nisa, Almasihu kuma alƙali ne mai ban tsoro, saboda haka kowa ya nemi ubangida a sama wanda zai gabatar da shi.

Ba na faɗin wannan domin raini. Toma da Maryamu Magdaliya manyanmu ne cikin bangaskiya, ya kamata mu yi koyi da su. Amma ku tuna yadda su kansu suka zo. Toma ya yi shakka, Ubangiji ya nuna masa hannuwansa da kansa. Maryamu tana kuka a bakin kabari, ya kira ta da sunanta. Wa ya yi musu kamun ƙafa? Manzo Bulus ya koya wa Timothawus, cikin wasiƙa ta fari sura 2, matsakanci tsakanin Allah da mutane guda ne tak, shi ne Yesu. Zanen ma da kansa yana shaida wannan, ko da mai shi bai nufa ba: tsarkakan nan huɗu, duk da girmansu, su ma suna gefe, a waje da allon tsakiya.

Kada wani ya ce wannan laifin waɗansu ne, mu ba ruwanmu. Akwai masu bi a cikinmu waɗanda ba su taɓa durƙusawa su kaɗai sun yi magana da Ubangiji ba. Dogararsu duka tana kan fasto, ko kan wani mai addu'a da a ke yabo, ko kan cewa ubansu yana cikin masu bi na fari a garin. In ciwo ya zo sai a ruga neman wanda addu'arsa ta fi ƙarfi, har da ba shi kuɗi. Daidai ne mu roƙi 'yan'uwa su yi mana addu'a, Littafi ya umurce mu da haka. Amma ni fasto ba bafade ba ne. Ni ma mai zunubi ne, ta ƙofar da za ka shiga na shiga. Labulen haikali ya tsage ran da Yesu ya mutu, kada ka ɗinka wani ka rataya da hannunka.

Na uku: Mai zanen

Ba a ganin fuskarsa da sunansa a gefen iyalin, amma kowane gashi da kowane fure na allon daga hannunsa ya fito. Hugo ya zama gwani a ƙungiyar masu zane ta Gent a shekara ta 1467, daga baya ya shugabance ta. Yana cikin ganiyar suna ya bar birni ya shiga wani gidan masu zuhudu kusa da Burasal, ya ci gaba da zane a can, manyan mutane suna zuwa ganinsa.

Wani mai suna Gaspar Ofhuys, wanda ya zauna gida ɗaya da shi, ya rubuta abin da ya same shi. Kusan ƙarshen ransa, yana dawowa daga tafiya birnin Kolon, sai wani baƙin ciki mai nauyi ya faɗa masa. Ya yi ta cewa shi batacce ne, an riga an hukunta shi, har ya so ya yi wa kansa lahani, abokan tafiya suka riƙe shi. An ce yana damuwa ƙwarai da yadda zai gama ayyukan da ya karɓa. Shugaban gidan ya tuna da yadda Dawuda ya kaɗa wa Saul garaya, ya sa aka yi masa kiɗa. 'Yan'uwa suka yi jiyyarsa da haƙuri har ya sami sauƙi. Ya mutu a shekara ta 1482, shekara guda kafin allonsa ya isa Filorens.

Wannan labari ya kan sa ni hawaye. Ga mutumin da ya zana Mai Ceto kwance a ƙasa domin masu zunubi, dubban mutane sun duba sun sami ta'aziyya, shi kuwa yana jin ba shi da rabo a ciki. Abu biyu na ke so mu koya. Na fari, irin wannan baƙin ciki ciwo ne kamar sauran ciwuka, ya kan kama mai bi na gaske. In ka ga ɗan'uwa a haka, kada ka ce bangaskiyarsa ce ta kasa, kada kuma ka bar shi shi kaɗai. Zauna tare da shi, yi addu'a da shi, kai shi wurin likita. Na biyu, ku ma'aikata, fastoci da masu bishara da malaman makarantar Lahadi da matan zumunta da mawaƙa, aikinku ba shi ne cetonku ba. Mai dafa tuwon biki ya kan kwana da yunwa in bai zauna ya ci ba. Ran da ƙarfinka ya ƙare, ran da ka duba aikinka ka ga bai cika ba, abin da zai riƙe ka shi ne abin da Bulus ya rubuta wa Afisawa cikin sura 2, ceto kyauta ne daga alherin Allah, ba ladan aiki ba ne.

Na huɗu: Makiyayan

Yanzu ku komo allon tsakiya, ku duba hannun dama. Ga mutum uku sun kutso daga jeji. Ba a yi musu kwalliya ba ko kaɗan. Fatarsu ta ƙone da rana, hannuwansu sun yi kanta, farcensu da ƙasa, tufafinsu na aiki ne. Tsohon ya durƙusa ya haɗa hannuwa, na biyu ya buɗe nasa don mamaki, na uku ya tuɓe hularsa ya riƙe a ƙirji, baki buɗe, ana ganin giɓin haƙoransa. Duk wanda ya taɓa gamuwa da makiyayi yana komowa da garke da yamma zai gane su nan da nan. Masu zane na Filorens sun yi mamakin waɗannan fuskoki, har wani gwaninsu mai suna Ghirlandaio ya kwaikwaye su cikin nasa zanen a shekara ta 1485.

Ba wani tsarkaka a bayansu. Ba wanda ya san sunansu. Ba su biya ko anini ba. Amma su ne a ciki, ba katakon da ya raba su da jaririn, ba a kuwa rage musu jiki ba. Masanan nan na gabas masu zinariya da lubban da mur, mai zanen ya sa su can nesa a allon dama, ƙanana, suna kan hanya tukuna.

Wannan ba dabarar mai zane kaɗai ba ce, haka Luka ya ba da labarin. Mala'ika bai je fadar Hirudus ba, bai je gidan babban firist ba. Ya je wurin masu tsaron tumaki da dare. Me suka yi? Sun ji, sun gaskata, sun tashi da sauri, sun gani, sun koma suna ba da labari suna yabon Allah. Iyakar abin da suka kawo ke nan, kunne mai ji da ƙafa mai tafiya.

Kada mai arziki ya ji wannan ya yi fushi, kada matalauci kuma ya yi fahariya da talaucinsa. Talauci ba ya ceton kowa. Masanan ma sun iso daga baya, aka karɓe su, amma sai da suka faɗi ƙasa a gaban yaron kafin su buɗe jakunkunansu. Attajiri yana da wuri a allon tsakiya in ya yarda ya shigo yadda makiyayi ya shigo. Dalilin da ya sa jaririn ya ke kwance a ƙasa ke nan. Wanda sama da ƙasa nasa ne ya sauko har inda ba mai cewa ya fi ƙarfina, ba kuma mai isa wurinsa sai ya sunkuya.

Abin da ya rage gare mu

Ran godiyar kaka tana zuwa. Ina roƙon dattawan ekklesiya su yi tunani a kan yadda mu ke kiran sunaye da yawan kuɗi. Ubangiji ya taɓa zama yana duban masu zuba baiko a haikali. Mawadata suka zuba da yawa, wata gwauruwa ta zuba anini biyu, ita ce ya kira almajiransa su duba. Da mu ne masu riƙe da littafin ran nan, da sunanta bai shiga ba. In tsarinmu yana sa irin wannan mace ta ji kunyar zuwa sujada ran baiko, to, tsarin yana bukatar gyara. A rubuta kome daidai domin amana, a karanta jimla a gaban jama'a, a gode wa Allah tare.

Kai kuma mai karatu, da a ce za a zana ka yau, ina za a sa ka? Kana gefe riƙe da takardar abin da ka bayar? Kana ɓoye bayan wani babba kana jira ya yi magana dominka? Ko kana can baya kamar Hugo, ka gaji da aiki, kana cewa alherin nan na kowa ne ban da kai? Bankin Medici ya rushe tun 1494, mulkin Burgandi ya wuce, sarƙar zinariyar Maria ba ta sauran amfani gare ta. Jaririn nan kuwa ya yi girma, ya mutu domin zunubanmu, ya tashi, yana da rai, yana kuma karɓar duk wanda ya zo. Tashi ka shigo ciki kamar makiyayan. Bayan ka gan shi, sai ka buɗe rumbunka ka bayar da abin da ka iya, da farin ciki, ko an kira sunanka ko ba a kira ba.

Mu yi addu'a. Ya Ubangiji Yesu, kai da ka kwanta a ƙasa dominmu, ka gafarta mana fahariyarmu ta kuɗi da ta aiki. Ka ta'azantar da bayinka waɗanda zuciyarsu ta karai. Ka koya wa ekklesiyarka ta girmama gwauruwa da makiyayi yadda kai ka girmama su. Ka karɓi baikonmu na bana, ka karɓe mu mu ma, saboda sunanka. Amin.